Yadda Na'urori Masu Sarrafa Kansu Suka Hanzarta Ɗaukar Hoton Eksire a Cibiyoyin Bincike da Masana'antu

Gabatarwa

Mafi yawan jama'armu sun san hoton eksire ne a asibiti, inda ake tura wanda ya karye, ko wanda tari ya daɗe yana damunsa, domin a ga abin da ke cikin jikinsa ba tare da an tsaga shi ba. Sai dai kuma amfanin wannan hoto bai tsaya a asibiti kaɗai ba. Da shi ake duba waldar bututun mai da na iskar gas, da shi ake leƙa cikin kwantena a tashoshin jiragen ruwa, da shi ake gano tsakuwa ko fasasshen gilashi a cikin abincin da aka riga aka rufe, haka kuma da shi masana ke gano siffar sinadaran jiki kafin a haɗa sabon magani.

An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci babban sauyin da aka samu a wannan fanni, wato yadda na'urori masu sarrafa kansu suka karɓi mafi yawan aikin ɗaukar hoton daga hannun ɗan Adam. Za a bayyana yadda abin yake aiki, da amfanin da ya kawo, da kuma hattarar da ya wajaba a yi idan irin waɗannan kayan aiki suka iso yankunanmu.

Yadda hoton yake samuwa

Eksire wani irin haske ne wanda ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa abubuwan da hasken rana ba ya iya ratsawa. Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a ranar 8 ga Nuwamba, 1895, kuma saboda wannan aiki ne aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1901. Idan aka haska abu da shi, sassa masu laushi kamar tsoka ko takarda sukan bar yawancin hasken ya wuce, yayin da sassa masu tauri kamar ƙashi, dutse ko ƙarfe suke tare shi. Abin da ya wuce shi ne yake sauka a kan wani faifai da ke bayan abin da aka haska, sai ya bar inuwar abin da ke ciki. Wannan inuwa ita ce hoton. Idan akwai tsaga ko rami a cikin ƙarfe, haske ya fi wucewa ta wurin, don haka sai ya fito a hoto da wani launi dabam.

Inda jinkiri yake a tsohon tsari

A tsohon tsari, hoto ɗaya yana bin matakai huɗu, kuma kowanne da hannu ake yin sa. Da farko ma'aikaci zai ɗauko abin da za a duba ya daidaita shi a gaban na'ura, ya sanya fim a bayansa. Na biyu, zai fita ya rufe ƙofa ya kunna na'urar. Na uku, zai kai fim ɗin ɗakin duhu a wanke shi da sinadarai, kamar yadda masu hoto na da suke yi. Na huɗu kuma sai wani ƙwararre ya ɗaga shi a gaban fitila ya karanta. Idan hoton bai fito da kyau ba, sai a sake tun daga farko. A lokacin da Röntgen ya ɗauki hoton hannun matarsa a watan Disamba na 1895, sai da ta ajiye hannun kimanin minti 15 ba ta motsa ba.

Wannan jinkiri ya sa masana'antu ba sa iya duba dukkan abin da suka ƙera. Sai dai su zaɓi kaɗan su duba, su yi wa sauran hukunci da abin da suka gani, kamar yadda mai sayen hatsi yake soka buhu ɗaya ko biyu daga cikin lodin mota guda. Kowa ya san cewa buhun da ba a soka ba yana iya zama shi ne mai tsakuwa.

Matakan da aka bi wajen kawar da jinkiri

Gyara na farko ya shafi fim. A shekarar 1983 kamfanin Fuji na ƙasar Japan ya fitar da wani faifai wanda na'ura ke karantawa ta miƙa hoton ga kwamfuta, sannan a goge shi a sake amfani da shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sai aka samu faranti mai aiki da lantarki, wanda yake karɓar hasken ya nuna hoton a allon kwamfuta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da wannan aka huta da ɗakin duhu, da sayen sinadarai, da kuma jiran fim ya bushe.

Gyara na biyu ya shafi ɗauka da ajiyewa. A maimakon ma'aikaci ya riƙa shiga da fita, sai aka ɗora kaya a kan bel mai tafiya wanda ke bi ta cikin akwatin na'urar, ko kuma a sanya hannun inji wanda zai ɗauko abu, ya juya shi ta kowace fuska, ya mayar, ya ɗauko na gaba. Kowane abu yana da lambarsa, kuma kwamfuta tana ajiye hotonsa tare da wannan lamba.

Gyara na uku ya shafi karatun hoton. An ƙirƙiro manhajojin da ke kwatanta sabon hoto da yadda lafiyayyen abu ya kamata ya kasance. A 'yan shekarun nan ana horar da irin waɗannan manhajoji da dubban hotunan da ƙwararru suka riga suka tantance, har su iya nuna wurin da ake zargi da kansu.

Akwai kuma na'urar da jama'a suka sani da suna siti-sikan, wadda take ɗaukar ɗaruruwa ko dubban hotuna ta kusurwoyi daban-daban, kwamfuta ta harhaɗa su ta nuna cikin abu yanki-yanki, kamar an yayyanka albasa. Injiniya Godfrey Hounsfield na Ingila ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a shekarar 1971. Na'urar gwajinsa ta farko takan ɗauki kwana 9 kafin ta tattara bayanan hoto ɗaya. A shekarar 2021, wato shekara 50 bayan wancan gwaji na Landan, masu bincike sun ba da rahoton ɗaukar irin wannan hoto har guda 1,000 a cikin daƙiƙa ɗaya a wata cibiya da ke ƙasar Suwizalan, abin da ya ba su damar kallon yadda narkakken ƙarfe yake kumfa a daidai lokacin da abin yake faruwa.

A cibiyoyin bincike

Domin a haɗa maganin da zai kama ƙwayar cuta, masana suna buƙatar sanin ainihin siffar sinadaran da ake kira furotin, kamar yadda maƙeri yake buƙatar ganin kwaɗo kafin ya yanka masa makulli. Hanyar da aka fi bi ita ce a daskarar da furotin ɗin ya zama ɗan ƙanƙanen dunƙule mai kama da ƙwayar gishiri, a haska shi da eksire, sannan a yi lissafi da yadda hasken ya warwatsu. A da, wannan aiki yana cinye rayuwar mutum. Max Perutz ya shafe shekara 22 a Jami'ar Kambirij kafin ya gano siffar sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini a 1959, wato sinadarin da tangarɗarsa ke haddasa cutar sikila. Dorothy Hodgkin kuwa ta haura shekara 30 tana aiki kafin ta kammala gano siffar insulin, wanda masu ciwon sukari ke amfani da shi, a 1969.

A yau ana yin irin wannan aiki ne a manyan cibiyoyi masu wata na'ura mai siffar zobe da ake kira sinkoroton, wadda ke samar da eksire mai ƙarfin gaske. Ɗaya daga cikinsu tana birnin Grenoble na ƙasar Faransa, kuma kewayen zobenta mita 844 ne. Tun daga shekarar 2014 akwai wani sashe a wannan cibiya mai suna MASSIF-1 wanda yake aiki ba tare da hannun mutum ba. Mai bincike zai aiko da samfuransa a cikin wata tukunya mai tsananin sanyi, ya cike bayanansu ta intanet. Hannun inji zai ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta nemo inda dunƙulen yake, ta zaɓi wurin da ya fi kyau a jikinsa, ta yanke shawarar yawan hotunan da za a ɗauka, ta ɗauka, sannan ta aika da sakamako ga mai shi yana zaune a ƙasarsa.

An ga amfanin wannan hanzari a lokacin annobar korona. A farkon shekarar 2020, cibiyar Diamond da ke Ingila ta gwada sinadarai fiye da 1,000 a kan wani furotin da ƙwayar cutar ba ta iya hayayyafa sai da shi, cikin 'yan makonni, kuma ta saki sakamakon kyauta ga masanan duniya. Har ila yau, rumbun da ake tara siffofin furotin na duniya, wanda aka buɗe a 1971 da guda 7 kacal, ya haura guda 200,000 a shekarar 2023, kuma mafi yawansu da eksire aka gano su.

Ya kamata a lura cewa har yanzu babu irin wannan cibiya a nahiyar Afirka. Akwai guda a ƙasar Jodan wadda aka buɗe a 2017. Amma tun da an kai matsayin da ake aika samfuri a karɓi sakamako ta intanet, rashin kuɗin tafiya bai zama shinge ga malaman jami'o'inmu kamar yadda yake a da ba.

A masana'antu

A masana'antun abinci ana kafa na'urar ne a ƙarshen layi, bayan an rufe gwangwani ko leda. Kowane ƙunshi sai ya bi ta cikinta, kuma tana iya duba ɗaruruwa a minti ɗaya. Wanda aka ga tsakuwa, gilashi, ƙashi ko guntun ƙarfe a cikinsa, nan take wani ƙarfe ko iska mai ƙarfi za ta ture shi gefe. A masana'antun motoci kuma haka ake duba gargaren taya na alminiyam ɗaya bayan ɗaya, domin kumfar iska da ta maƙale a ciki lokacin zubi tana iya sa shi ya fashe a kan hanya. Haka ake yi wa baturan motoci masu aiki da lantarki da kuma allunan cikin wayoyin hannu.

A wuraren haƙar ma'adinai, duwatsun da aka fasa suna gudu a kan bel, na'ura tana bambance su gwargwadon yadda kowanne yake tare haske, sannan iska ta fizge wanda ake so daga cikin tarin. Ta wannan hanya ce aka tsamo wani lu'ulu'u mai nauyin karat 1,109 a mahaƙar Karowe ta ƙasar Botsuwana a 2015, da wani mai karat 2,492 a 2024, kafin injin niƙa ya farfasa su.

A aikin shimfiɗa bututu kuwa, mahaɗar da aka yi wa walda ita ce wurin da ake tsoro. Alal misali, bututun iskar gas da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano yana da tsawon kilomita 614. Idan tsawon kowane yanki mita 12 ne, mahaɗar za ta haura 50,000, kuma guda ɗaya da ta yi rauni ta isa ta jawo gobara a gonakin da bututun ya ratsa. Domin haka a manyan ayyuka irin wannan akan gwada walda, ko dai da na'urar da ke aiki da sauti, ko kuma da eksire. A tsarin eksire akwai wani ɗan keke mai batir da ake sakawa cikin bututun, yana tafiya da kansa, ya tsaya daidai mahaɗa, ya haska ta ta kowace fuska a lokaci ɗaya, yayin da ma'aikata suke tsaye daga nesa.

Abin da ya shafi jama'armu kai tsaye

Na farko shi ne irin shuka. Ƙwayar wake ko masara tana iya zama kyakkyawa a ido alhali ƙwaro ya cinye cikinta, ko kuma ba ta ƙosa ba. Hoton eksire mai sauƙin ƙarfi yana nuna fankon iri da wanda tsutsa ke ciki ba tare da an fasa shi ba, kuma ana iya shuka shi bayan an duba. Rumbun adana iri na Millennium da ke Ingila yana amfani da wannan hanya wajen tantance irin da ake kawo masa.

Na biyu shi ne fatauci. Babbar na'urar da ake kafawa a tashoshi tana ratsa ƙarfen kwantena ta nuna abin da ke ciki cikin 'yan mintoci, aikin da zai ɗauki sa'o'i idan da hannu za a sauke kaya a mayar. A shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba wasu kamfanoni kwangilar kafa irin waɗannan na'urori a tashoshin ruwa da wasu kan iyakoki, kafin hukumar kwastan ta karɓi aikin a ƙarshen 2013. Ga mai fitar da riɗi, citta ko zoɓo, kowace rana da kaya suka ƙara a tasha asara ce. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya bayyana kayansa daidai ba shi da abin tsoro, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Na uku shi ne lafiya. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji domin zaƙulo masu alamun tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama. An yi amfani da motocin da ke ɗauke da wannan na'ura a wasu jihohin Najeriya, ciki har da Kano. Sai dai a sani cewa manhajar tana nuna wanda ake zargi ne kawai, gwajin majina shi ne yake tabbatar da cutar.

Iyakar na'ura

Duk da wannan ci gaba, na'ura tana kuskure. Takan ture lafiyayyen kaya, kuma takan bar mai aibi ya wuce idan ba a saita ta daidai ba. Abubuwa marasa nauyi kamar gashi, itace ko siririyar leda suna da wuyar gani a cikin abinci. Saboda haka ake gwada ta lokaci-lokaci da wani samfuri da aka san aibinsa, kuma hukuncin ƙarshe a kan abin da ya shafi rai yana hannun ƙwararre. Bugu da ƙari, tana buƙatar wutar lantarki tsayayya, da kariya daga ƙura da zafi, da kayan gyara, da ma'aikatan da aka horar. Duk hukumar da za ta sayi irin wannan na'ura ba tare da tanadin waɗannan abubuwa a cikin kasafinta ba, to ba da daɗewa ba za ta koma aiki da hannu, na'urar kuma ta zama kayan ado.

Matakan kariya

Yawan wannan haske yana ƙona fata, yana lalata jini, kuma yana iya haddasa ciwon daji. Ɗaya daga cikin manyan alfanun sarrafa kai shi ne ya nisanta ma'aikaci daga hasken. Na'urar eksire tana fitar da haske ne kawai idan an kunna ta, kuma abinci ko kayan da suka bi ta cikinta ba sa ɗaukar komai. Amma akwai wani kayan aiki dabam da masu gwajin walda ke amfani da shi a daji, wanda yake ɗauke da ɗan ƙaramin ƙarfe mai fitar da irin wannan haske dare da rana, ba a iya kashe shi, sai dai a kulle shi a cikin akwatinsa mai nauyi. A shekarar 2000, a wani ƙauye da ke arewa da birnin Alƙahira na ƙasar Masar, wani manomi ya tsinci irin wannan ƙarfe da ya ɓace bayan gwajin waldar bututu, ya kai shi gida, kuma cikin 'yan makonni shi da ɗansa suka rasu.

A Najeriya, hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, wadda aka kafa dokarta a 1995 ta kuma fara aiki a 2001, ita ce ke ba da lasisin shigowa da irin waɗannan kaya da amfani da su. Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su kula da waɗannan abubuwa:

1. Idan kamfani zai yi gwajin walda a yankinku, a nemi ganin lasisinsa, kuma a sanar da jama'a rana da lokacin aikin.

2. A hana yara, makiyaya da masu wucewa tsallaka igiya ko alamar da ma'aikata suka kafa. Nisa kariya ce, domin idan mutum ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da tushen hasken, abin da ke isa gare shi yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

3. A koya wa jama'a alamar haɗarin, wato zane mai fukafukai uku kamar na fanka, baƙi ko ja mai duhu a kan ruwan ɗorawa.

4. A gargaɗi 'yan gwangwan da maƙera kada su sayi ko su fasa duk wani akwatin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, musamman mai ɗauke da wannan alama.

5. Wanda ya tsinci abin da yake zargi kada ya taɓa shi, kada ya sa a aljihu, kada ya kai gida. Ya nisanta, ya hana wasu kusanta, ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Kammalawa

A taƙaice, sauyin da aka samu shi ne an tashi daga duba kaɗan a yi wa saura hukunci, an koma duba kowane ƙunshi, kowace mahaɗa da kowane samfuri, cikin ƙanƙanen lokaci kuma ba tare da jefa ma'aikaci cikin haɗari ba. Cin moriyar wannan ci gaba yana buƙatar jami'an da za su yi tanadin gyara da horo tun kafin saye, da matasan da za su karanci wannan fanni a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, da kuma al'ummar da ta san alamar haɗari idan ta gan ta. Ana fatan shugabannin al'umma za su isar da wannan bayani ga jama'arsu a tarurrukan unguwa da ranakun kasuwa, domin rigakafi ya fi magani.